GASKIYA KO KWABO? MARUBUCI DA NA'URA MAI BA DA SHAWARA

Gabatarwa

Hausawa kan ce zamani riga ne. Rigar da namu zamanin ya ɗinka wa marubuta kuwa ita ce abin nan da ake kira ƙirƙirarriyar basira, watau na'urar da ake yi wa tambaya da harshen mutane, ita ma ta mayar da amsa da shi. Ranar 30 ga Nuwamba, 2022 ce kamfanin OpenAI na ƙasar Amurka ya saki manhajarsa mai suna ChatGPT, kuma daga wannan rana zuwa yau da wuya a sami wani mai riƙe alƙalami, ɗalibi ne ko malami ko ɗan jarida, wanda labarinta bai iske shi ba.

Galibin muhawarar da ake yi a jami'o'i game da wannan na'ura ta tsaya ne a kan satar amsa, watau ɗalibi ya sa ta rubuta masa aikin jinga, sa'an nan ya miƙa da sunansa. Wannan magana ce mai sauƙin hukunci, domin kowa ya san sunan abin da aka aikata. Abin da wannan ɗan rubutu zai duba ya fi wancan wuyar kamawa. A yau akwai marubuta da editoci da yawa waɗanda ba su yarda na'ura ta rubuta musu ko layi ɗaya ba, amma sun yarda ta tsara musu aiki: ta gaya musu abin da mutane suke nema, da batun da zai jawo masu karatu, da taken da ya fi ɗaukar ido, da ranar da ta fi dacewa a fitar da shi. To, tambayar ita ce, shin ya dace marubuci ya bar wa na'ura zaɓin abin da zai faɗa wa jama'arsa?

Abin da Ya Faru da Ni

Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, abin da ya jawo wannan tunani a kaina ya faru. Na ɗan jima ina rubuta gajerun maƙaloli kowane mako a kan harshe da al'ada, ina watsa su ga 'yan'uwa Hausawa, musamman irinmu mazauna nesa da gida. Da na ga masu karatu sun fara ja da baya, sai wani abokin karatuna ya ba ni shawarar in nemi taimakon na'ura. Na zuba mata taken duk abin da na rubuta cikin shekara guda, tare da adadin waɗanda suka karanta kowanne, na ce ta tsara mini aikin wata uku. Kafin shayina ya huce ta jero mini batutuwa, kowanne da takensa da makonsa: kayan lefe jiya da yau, sunayen yara da ma'anoninsu, kalaman zance na da da na yanzu, abincin salla, da dai sauransu. Na bi wannan tsari, kuma ba ƙarya, masu karatu suka dawo har da ƙari.

Sai da wata ukun ya kusa cika na tuna da wata maƙala da na fara tun kafin wannan tsari, na ajiye ta ban ƙarasa ba. A kan yara mata ne 'yan aikatau, waɗanda ake kwasowa daga ƙauyuka ana rarraba su gidajen birni, su yi ta wanke-wanke da shara da raino tun asuba har dare, 'ya'yan gida suna makaranta su kuwa suna bakin murhu, in wata ya yi kuma wata dillaliya ce ke zuwa ta karɓi kuɗin. Wannan batu bai fito a jerin na'ura ba, kuma babu yadda za a yi ya fito, domin babu kome a cikin lissafin da na ba ta wanda ya nuna mutane suna sha'awar karanta irinsa. Hasali ma da yawa daga cikin masu karatuna akwai irin waɗannan yara a gidajensu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, da na bincika zuciyata sai na tarar na'ura ba ta hana ni kome ba. Ni ne na ji daɗi da na sami abin da zan laɓe a bayansa. Dama ina tsoron maƙalar, sai ga takarda mai tsari da lissafi ta zo ta ba ni uzurin da ba na jin kunyar faɗa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Me Na'urar ta Sani?

Kafin mu yanke hukunci, ya kamata mu san irin sanin da ke ga wannan mai ba da shawara. Ana gina irin waɗannan na'urori ne ta hanyar ɗura musu ɗimbin rubuce-rubucen da mutane suka riga suka yi, har su laƙanci wace kalma ce ta fi yawan biyo bayan wacce. Bayan wannan sai a sa mutane su riƙa duba amsoshinsu suna zaɓar wadda ta fi yi musu daɗi, na'urar kuwa tana gyara kanta bisa ga wannan zaɓi. Idan kuma aka ce ta tsara wa marubuci aiki, abin da za ta duba shi ne abin da mutane suka tambaya a baya, da taken da suka buɗe a baya, da tsawon lokacin da suka zauna a kan kowane rubutu a baya.

Mai karatu zai lura na maimaita "a baya" har sau uku. Da gangan ne. Duk sanin na'ura sanin jiya ne, kuma sanin abin da aka iya ƙirgawa ne. Tana iya gaya maka mutum nawa suka buɗe maƙalar lefe. Ba ta da hanyar gaya maka ko akwai uba ɗaya wanda ya karanta wata maƙala shi kaɗai cikin dare, ya fasa tura 'yarsa aikatau. Wannan uban a lissafi mutum ɗaya ne, daidai yake da wanda ya buɗe ya yi hamma ya rufe. Abin da al'umma take bukata ba ta kai ga sanin tana bukatarsa ba, ko ta sani amma tana gudunsa, ba ya barin sawu a cikin lissafi. Wannan kuwa shi ne rabin aikin marubuci tun fil'azal.

Mai Alewa da Likita

Wannan matsala ta girmi kwamfuta da shekaru fiye da dubu biyu. A cikin littafinsa mai suna Gorgias, masanin falsafar nan na ƙasar Girka, Aflaɗun, ya kawo muhawarar da malaminsa Suƙuraɗu ya yi da masu koyar da iya magana a birnin Atina. Suƙuraɗu ya raba ayyukan mutane kashi biyu. Akwai waɗanda manufarsu amfanin mutum, kamar aikin likita, akwai kuma waɗanda manufarsu jin daɗinsa kawai, kamar aikin mai haɗa kayan maƙulashe. Ya ce da za a tara yara a ce su zaɓi wanda ya fi sanin abinci mai kyau tsakanin likita da mai alewa, da yunwa ta kashe likita. A ganinsa, mai maganar da ba ya neman kome sai yardar masu sauraro, mai alewa ne sanye da rigar likita. Shi kansa ya hango cewa in aka kai shi shari'a, matsayinsa matsayin likitan ne a gaban alƙalai yara, kuma a shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa mutanen Atina suka yanke masa hukuncin kisa.

Mu ma a ƙasar Hausa ba baƙon abu ba ne gare mu. Mun san bambanci tsakanin mai faɗa wa sarki gaskiya da bambaɗe. Bambaɗanci kuwa gwaninta ce babba, domin sai ka karanci fuskar ubangida, ka san kalmar da ke sa shi murmushi da wadda ke sa ya sa hannu a aljihu. Ba a banza aka ce ba a mugun sarki sai mugun bafade ba. Abin da ya sauya a yau shi ne, ubangidan ya zama taron masu karatu, karanta fuskar tasa kuma an mayar da shi lissafi, an damƙa wa na'urar da ba ta gajiya ba ta barci.

Kada a ɗauka kwatanta na'ura da bambaɗe ƙazafi ne. A ƙarshen watan Afrilu na 2025, kamfanin OpenAI da kansa ya janye wani gyara da ya yi wa manhajarsa, bayan an yi ta ƙorafin cewa ta koma yabon duk abin da aka gaya mata, mai kyau da marar kyau. Kamfanin ya amsa cewa ya dogara fiye da kima a kan alamar jin daɗi da masu amfani da ita suke bayarwa nan take. Ashe ke nan abin da aka horar bisa yardar mutane, tumasanci yake koya in ba a tsare shi ba. To, yaya marubucin da ya mayar da irin wannan abu jagoransa?

Hujjar Ɗaya Ɓangaren

Adalci ne mu saurari mai ja da wannan magana, domin hujjarsa ba ta wasa ba ce. Zai ce, da ma wane marubuci ne ba ya son a karanta shi? Rubutun da ba a karanta ba ai tamkar kiran salla ne a kufai. Zai ƙara da cewa adabinmu na boko ma da tsari ya fara. A 1933 ne Hukumar Fassara da ke Zariya, a ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta shirya gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi, kuma an shirya ta ne domin an lura cewa waɗanda suka koyi boko ba su da abin karantawa. Wannan ai duba bukatar masu karatu ne. Haka kuma Alhaji Abubakar Imam bai ƙi aro ba. Da yawa daga labaran Magana Jari Ce ya samo su ne daga littattafan Larabawa da na Turawa da na wasu al'ummu, ya sake musu riga. A shekarun 1990 kuma an sha muhawara mai zafi a kan littattafan da aka laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano, wasu suna cewa bin kasuwa ne kawai, amma ga shi su ne suka sa dubban mata da matasa karatun Hausa. Don me za a yarda da duk wannan, a zo kan na'ura a ɗaure fuska?

Na yarda da mafi yawan wannan hujja. Sanin mai karatu wajibi ne, kuma neman abinci da alƙalami ba abin kunya ba ne. Likitan kirki ma yakan sa wa magani zaƙi domin yaro ya haɗiye. Sai dai a nan ne bambancin yake. Likita ya riga ya san maganin da zai bayar kafin ya nemi zuma. Imam ya san abin da yake son ɗan sarki, da duk mai karatu, ya koya, sa'an nan ya nemi labarin da zai ɗauki darasin. Da yawa daga marubutan Kano, musamman mata irin su Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, sun shigar da maganar auren dole da wulaƙancin gidan miji cikin labaran da kasuwa ke so, sun faɗi abin da ba a son ji ta ƙofar abin da ake son ji. A wurinsu sanin kasuwa bawa ne ga saƙo. Haɗarin tsarin na'ura shi ne yana juya wannan jeri cikin ruwan sanyi, sai ka wayi gari zumar kake fara nema, maganin kuwa in an samu wuri.

In Mudu Ya Zama Manufa

Akwai wata ƙa'ida da ake jingina wa masanin tattalin arziki na ƙasar Ingila, Charles Goodhart, tun 1975. Ma'anarta a taƙaice ita ce, duk ma'aunin da aka mayar da shi abin nema, ya daina auna gaskiya. 'Yan kasuwar hatsi sun san wannan tun kafin a haife shi. Muddin mai saye ba ya duba kome sai yawan mudu, to za a sami mai awon da zai buga gindin mudunsa ya lotsa. Yawan masu karatu mudu ne. An ƙirƙire shi domin ya nuna ko rubutu ya amfani mutane. Ranar da ya zama shi ake nema, ranar ce ake fara lotsa shi.

Mun riga mun ga misalai. A watan Janairu na 2023 aka gano cewa kafar labaran fasaha ta CNET a Amurka ta fitar da maƙaloli 77 da aka rubuta da taimakon na'ura, a kan irin tambayoyin kuɗi da mutane suke yawan nema. Da aka bi su ɗaya bayan ɗaya, sai da aka yi wa 41 gyara. A cikin ɗaya an gaya wa mai karatu cewa in ya ajiye dala 10,000 a kan ribar kashi 3 cikin ɗari, zai ci ribar dala 10,300 a shekara, alhali ribar dala 300 ce kacal. A watan Fabrairu na wannan shekara kuma, mujallar ƙagaggun labarai ta Clarkesworld ta rufe karɓar rubutu na ɗan lokaci, domin labarai fiye da 500 da na'ura ta rubuta sun kwararo mata cikin wata guda, daga mutanen da aka gaya wa cewa hanya ce ta samun kuɗi a sauƙaƙe. Waɗanda suka biya bashin su ne sababbin marubuta na gaskiya, waɗanda suka tarar da ƙofa a rufe.

A duk waɗannan wurare, babu wanda ya kama na'ura ya tuhume ta, kuma daidai ne. Na'ura ba ta da suna da zai ɓaci, ba ta da maƙwabcin da za ta ji kunyar haɗa ido da shi. Alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi, kuma mai shi a nan shi ne wanda ya sa hannu a ƙarƙashin rubutu. Ana iya ba da aron aiki, amma ba a ba da aron alhaki.

Rabon Harshenmu

Mu masu nazarin Hausa muna da wani ƙarin dalili na yin hattara. Hausar da ke cikin abin da aka ɗura wa waɗannan na'urori kaɗan ce ƙwarai in an kwatanta da Turanci. Shi ya sa sau da yawa in ta yi Hausa, kalmomin namu ne amma ginin jimlar na wasu ne, kuma shawarar da take bayarwa a kan abin da ke jan masu karatu, galibi daga ɗabi'ar masu karatun wasu ƙasashe ta koye ta. Zanen aro kuwa ba ya rufe katara.

Bugu da ƙari, a watan Yuli na 2024 mujallar kimiyya ta Nature ta buga wani bincike da ya nuna cewa in aka yi ta horar da na'ura da rubutun da wata na'ura ta yi, zubi bayan zubi, to abubuwan da ba a cika samu ba su ne suke fara ɓacewa, har a ƙare da abu mai kama ɗaya. A wurinmu, abubuwan da ba a cika samu ba su ne Sakkwatanci da Katsinanci da Gudduranci, da kalmomin maƙera da masaƙa da majema, da habaicin tsofaffi mata. In kowane marubucin Hausa ya tambayi na'ura ɗaya abin da zai rubuta, ta ba kowa amsa kusan iri ɗaya, su kuma su zuba mata abin da suka rubuta ta sake koyo daga gare shi, to ba a daɗe ba rijiyar da muke sha za ta koma ruwan wanke hannunmu.

Ina Iyaka Take?

Duk da haka ban ce a jefar da na'ura ba. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya, kuma wanda ya ce zai yi noma da hannu alhali ga garma, ba tsoron Allah ya fi kowa ba, wahala ya fi kowa so. Ni kaina har yanzu ina sa ta ta jera mini abin da na tara, ta nuna mini inda na maimaita magana, ta kawo mini hujjar da mai ja da ni zai iya kawowa domin in shirya amsa. Wannan aikin yaron shago ne, kuma ta iya shi.

Iyakar da na gindaya wa kaina ita ce, ba na tambayarta abin da zan rubuta sai na riga na rubuta jerin nawa da hannuna, daga abin da na gani da abin da ya hana ni barci. In nata ya zo, ina iya ɗaukar dabara daga ciki, amma ba ya ture abin da ke cikin nawa. Kazalika duk wata shekara ko adadi ko suna da ta ba ni, ba ya shiga rubutuna sai na gan shi da idona a wurin da na amince da shi, domin takan ƙago abu ta faɗe shi da murya irin ta mai tabbaci. Sa'an nan in hannunta ya yi yawa a cikin wani aiki, ina faɗa wa mai karatu, domin amanar da ke tsakanina da shi ita ce jarina, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne. Akwai kuma gwaji ɗaya da ban ga wanda ya fi shi ba: in duba aikin wata ukun da ya wuce, in tambayi kaina, a ciki akwai ko ɗaya da na rubuta ina sane da cewa zai rage mini masoya? In babu, to ko na'ura ce ta tsara ko ni na tsara, na zama mai alewa.

Kammalawa

A watan Janairu na 1939 aka fara buga wata jarida a Zariya, ana sayar da ita kwabo ɗaya, Abubakar Imam yana editanta. Waɗanda suka raɗa mata suna ba su raina kwabo ba, ai da shi ake sayenta, kuma in babu shi injin ba zai juya ba. Abin da suka yi shi ne sun jera abubuwa biyu, suka faɗi wanda ke gaba: Gaskiya Ta Fi Kwabo. Na'urar zamaninmu gwana ce wajen lissafin kwabo, ta fi duk wani edita da aka taɓa yi. Ɗayan kuwa ba a ɗura mata ba, domin ba a ƙirga shi, sai dai mutum ya ɗauke shi a wuyansa.

Maƙalar 'yan aikatau kuwa, daga ƙarshe na ƙarasa ta na fitar. Ba ta sami ko rabin masu karatun maƙalar lefe ba, kuma wasu da nake jin nauyinsu sun nuna mini ɓacin ransu a fili. Da zan sake zuba wa na'ura lissafin bana, na tabbata shawararta ita ce kada in kuma. Ita a wajenta ta faɗi daidai, domin abin da aka tambaye ta ke nan. Sauran tambayar tawa ce, kuma ta kowane ɗalibi ce da ya ɗauki alƙalami da niyyar yi wa jama'arsa magana.